Ina neman waya mai jure gona wadda ba za ta zame min bulo a aljihu ba

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin wanda ya taɓa riƙe irin wayar da hannunsa. Noman rani nake yi a wajen Kura, tumatir da albasa, ni nake kula da injinan ban ruwa. Daga bara zuwa bana sau uku ina canza gilashin waya. Na farko na sunkuya zan ɗaura tiyo ta zamo daga aljihun gaba ta bugi bakin kwalbati. Na biyu a kan babur ne. Na uku makon jiya, yaro ya ture ta daga kan benci ta sauka kan siminti. Ga bakin caji ya cika da ƙura, sai na karkata kan cajar na danne da yatsa kafin ta ɗauka. Wani direban babbar mota da ke ɗaukar mana kaya ya nuna min tasa, irin mai sulken nan, roba mai kauri a kusurwa huɗu da ƙusoshi a baya. Ƙwari kam akwai, amma da na karɓa sai na ji kamar bulo aka ɗora min a tafin hannu. Ni kuma mai shiga jama'a ne, Juma'a da ɗaurin aure kaftani nake sakawa, ba na son abin da zai rinjayar min da aljihu. To akwai wadda ta haɗa ƙwari da kyan gani, ga kyamara mai kyau ga 5G? Ko dole mutum ya haƙura da ɗaya?

Ɗan Sahu: Wa alaikumus salam. Alhaji, sayi mai sulken kawai ka huta. Shekarata biyu da tawa. Ta faɗo daga cikin adaidaita ina tafiya a Titin Zariya, na tsaya na koma na ɗauko ta, robar ce kawai ta ɗan kurje. Caji ɗaya yana kai ni kwana uku, har fasinja ina jona wa tasa a jikinta ya samu ya kira gida. Nauyin kwana biyu ne ka saba.

Baban Khalifa: Kai a gaban mashin kake ajiye ta ai, ɗan'uwa. Ni a jikina take yini.

Mai Gyara: Baban Khalifa, sannu da hidima. Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran waya a Farm Centre, bari in gaya maka abin da nake gani a kan teburina. Wayoyin nan masu sulke ba sa yawan zuwa wajenmu, wannan gaskiya ne. Amma ranar da ɗaya ta zo, ranar mai ita yake gane abin da ya saya. Watan jiya wani bawan Allah mai haƙar rijiyar burtsatse ya kawo tasa, ƙarfe ya faɗo mata a fuska. Jikinta lafiya lau, ko ƙwarzane babu, gilashin ne ya tsage daga sama har ƙasa. Na zagaya kasuwa shago shago, na aika Beirut Road, na kira wani abokina a Computer Village a Legas, babu. Sai oda muka yi daga Chana, aka yi kusan wata guda ana jira, mutum yana yawo da aron waya. Da a ce Tecno ce ko Infinix ko Samsung irin wadda kowa yake riƙewa, kafin ya gama cin abincin rana na haɗa masa. Saboda haka kafin ka tambayi ƙwarin waya, fara tambayar ko akwai gilashinta da batirinta da bakin cajinta a garin da kake.

Ɗan Sahu: Oga, wannan ai tsautsayi ne. Ƙarfe ya faɗo wa kowace waya sai ta fashe.

Mai Gyara: Haka ne, shi ya sa na kawo misalin. Sulken yana kare kusurwa da baya. Fuska kuwa gilashi ce a kowace waya, sai dai an ɗan ɗaga mata baki don kada ta taɓa ƙasa idan ta kifa a wuri mai laushi ko shimfiɗaɗɗe. A gona kuwa dutse ne da tsakuwa da kan bawul, su kuma tsini gare su. Faɗuwar farko da Alhaji ya faɗa, kan bakin kwalbati, idan fuska ce ta sauka ba lallai sulken ya cece ta ba.

Injiniyan Sola: Salam. Bari in ɗan warware lambobin da ake bugawa a jikin kwali, don da su ake rikita masu saye. Idan ka ga IP68, lambobi biyu ne kowacce da aikinta. Ta farko ta ƙura ce, 6 ita ce ƙarshe, ma'ana ƙura ba ta shiga ciki. Ta biyu ta ruwa ce. 5 na nufin tana jure feshi, 7 na nufin nutsewa har mita 1 na minti 30, 8 kuma abin da ya wuce haka gwargwadon yadda kamfanin ya faɗa, yawanci mita 1.5 na minti 30. Ita kuma 9 ko 9K gwaji ne na daban, ruwa mai zafin kusan digiri 80 ake fesa mata da ƙarfin gaske, irin na wankin manyan motoci. Duk waɗannan da ruwa mai tsabta ake yi, kuma a kan sabuwar waya. Ruwan fadama mai laka da taki, ko ruwan omo, ba shi aka gwada ba.

Sai ɗayar, MIL-STD-810H. Wannan kundin gwaje-gwajen kayan sojan Amurka ne, sigar H ta fito a 2019, kafin ita akwai G ta 2008. A ciki akwai gwajin zafi da sanyi da girgiza da ƙura da faɗuwa. Na faɗuwar da aka fi ambata shi ne a saki abu sau 26 daga tsayin kusan mita 1.2, ta fuska da gefe da kusurwa. Abin da mai shago ba zai gaya maka ba shi ne sojan Amurka ba sa ba wa wayar kasuwa takardar shaida. Kamfani ne yake zaɓar gwajin da yake so daga cikin kundin, ya yi da kansa ko ya biya wani ɗakin gwaji, sannan ya buga sunan a kwali. Wani ya yi gwaji ashirin, wani ya yi uku, rubutun iri ɗaya ne. Kamfanin da ya lissafa gwaje-gwajen da ya yi dalla-dalla ya fi kwantar min da hankali.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Wallahi ni na ɗauka in an ce ta soja ce to sojoji ne suka gwada ta.

Mai Gyara: In ƙara a kan maganar Injiniya. Abin da ke hana ruwa shiga gam ne da siririyar roba da ke zagaye da baya da gidan sim. Zafi yana busar da su, faɗuwa tana buɗe su. Kuma duk wayar da muka taɓa buɗewa da iska mai zafi muka mayar, ko wane irin gam muka sa, kada mai ita ya sake yarda ya tsoma ta a ruwa. Ina faɗa wa kowa haka kafin in taɓa. Garanti ma yawanci ba ya ɗaukar lalacewar ruwa, Apple sun rubuta haka ƙarara a kan iPhone duk da tana da IP68.

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Ni ba gona nake ba, amma kicin ma fagen fama ne. Ina yin abincin biki da na ofisoshi, waya tana gefena ina karɓar oda, hannu duk mai da fulawa, ga tururin tukunya. Wayata ta baya a cikin robar wankin shinkafa ta mutu. Kuma ni ba zan iya riƙe waccan ƙatuwar ba, jakata ma ba za ta rufu ba, ga shi hoton abinci shi ne tallata, in hoto bai yi kyau ba ciniki ya tafi. Da na je saye sai na tarar yanzu akwai sirara masu kyan launi da aka yi musu ƙwari daga ciki. An nuna min realme C75 mai IP69, an nuna min wata Oppo ita ma haka. Kallo ɗaya ba za ka ce masu jure wahala ba ne. Na ɗauki ɗaya a cikin irinsu, yau wata takwas, in ta yi maiƙo sai in goge ta da tsumma mai ɗanshi. Baban Khalifa, ka duba wannan ɓangaren kafin ka yanke.

Injiniyan Sola: Hajiya ta taɓo inda kasuwar ta nufa. Da can rabe take gida biyu. Akwai kyawawa masu saurin fashewa, akwai munana masu ƙwari. Amma an daɗe ana ƙoƙarin haɗa su. Motorola Defy ta 2010 ƙarama ce kuma tana jure ruwa. Sony Xperia Z ta 2013 gilashi ce gaba da baya, siririya, ana tsoma ta a ruwa. Samsung sun yi jerin Active daga S4 a 2013 zuwa S8 a 2017. Yanzu abin ya sauko kan masu matsakaicin kuɗi. Motorola Edge 50 Neo tana da IP68 da MIL-STD-810H amma nauyinta giram 171 ne. Honor X9c ba ta kai giram 190 ba, batirinta 6600mAh, an yi ta ne musamman don jure faɗuwa, sai dai lambarta ta ruwa 5 ce, wato feshi da ruwan sama, ba nutso ba. C75 ɗin da Hajiya ta ambata kuma 4G ce, tunda ka ce kana son 5G ka lura da wannan. Kwatanta da manyan masu sulken irin Oukitel WP19 mai batir 21000mAh ko Doogee V Max mai 22000mAh, waɗannan sun haura rabin kilo. Mafi yawan nauyin nan batir ne, ba ƙwari ba.

Ɗan Sahu: To ai batirin shi ne maganar, Injiniya. A unguwarmu sai a yi kwana biyu ba a kawo wuta ba. Siririyar nan in ta mutu da la'asar kyanta zai amsa min kiran fasinja?

Maman Ummi: Malam, fawa banki fa? Yana cikin jaka, in an buƙace shi a ciro, in za a shiga taro a bar shi a gida. Kai kuwa naka a manne yake da wayar, duk inda za ka sai ka ɗauke shi.

Ɗan Sahu: Hajiya, fawa banki biyu na saya kafin wannan, duk suka kumbura. Ni dai abu ɗaya a hannuna ya fi min.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Ku kuna ta maganar ruwa, mu nan rairayi da rana ne suke kashe waya. Ina fataucin dabbobi, kasuwa zuwa kasuwa. Abu biyu na koya da kuɗina. Na ɗaya, babu gilashin da rairayi ba ya ƙarce shi. Ko Gorilla Glass Victus ne da kamfanin Corning ya fitar a 2020 ana cewa yana jure faɗuwar mita 2, ƙwayar rairayi ta fi shi tauri. Ka sa waya a aljihun da ƙasa ta shiga, ka hau mota yini guda, ka ciro ta ka kalle ta a rana, za ka ga zane kamar an bi ta da allura. Shi ya sa ko wace iri ce ina liƙa mata gilashin kariya tun a shago. Na biyu, zafi. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, alhali kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Baƙar roba mai kauri tana riƙe zafi kamar bargo. Na taɓa barin mai sulke a gaban mota da azahar tana caji, da na dawo ban iya riƙe ta ba, daga ranar batirin bai sake daidai ba. Kuma kayan gyaranmu da yawa daga Kano suke zuwa, abin da Mai Gyara bai samu a Farm Centre ba ni ina zan same shi?

Mai Gyara: Ranka ya daɗe ka faɗi gaskiya. Ɗan Sahu, wannan da kai ake, tunda a gaban mashin kake ajiye taka. Ka samo mata inuwa, kuma kada ka yi caji tana cikin rana.

Ɗan Sahu: Wannan na karɓa. Zan mayar da ita ƙarƙashin kujera.

Malamin Kwamfuta: Akwai mutuwar da ba a gani a jiki, ba wanda ya ambace ta. Waya tana iya kai shekara biyar ko tsagewa babu, amma manhajarta ta tsaya tun shekarar farko. Da yawa daga ƙananan kamfanonin da ke yin masu sulke da Android ɗin da suka sayar maka da shi za ka ƙare, sabuntawar tsaro ma sai jefi-jefi. Yau kuɗin tumatir ɗinka ta waya yake shigowa, Alhaji. Ranar da manhajar banki ta ce wayarka ta tsufa, ƙwarin roba ba zai buɗe maka asusu ba. Sannan kamfanin kansa yana iya tafiya. Wayoyin Cat, masu tambarin kamfanin katafila, wani kamfanin Ingila ne mai suna Bullitt yake yin su. Su suka fara sa kyamarar gano zafi a cikin waya, a Cat S60 ta 2016. A farkon 2024 kamfanin ya rufe. Wanda ya sayi tasa a 2023 yana nan da waya mai ƙwari, amma wa zai nema?

A Turai sun gane wannan, shi ya sa daga 20 ga Yuni 2025 dokar Tarayyar Turai ta tilasta duk sabuwar wayar da za a sayar a can ta zo da takarda mai nuna jure faɗuwarta da sauƙin gyaranta, batirinta ya riƙe kashi 80 bayan caji 800, a ci gaba da samar da kayan gyara shekara 7 bayan an daina sayar da ita, manhaja kuma aƙalla shekara 5. Dokar ba ta hau kanmu ba, amma idan samfurin da kake so ana sayar da shi a can, za ka iya duba makinsa a intanet kafin ka biya.

Baban Khalifa: Malam, wannan ta banki ta shige ni. Dillalai yanzu duk tura kuɗi suke yi. To a cikin masu ƙwarin na gaske, akwai ta babban kamfani wadda ba ta kai bulo ba?

Malamin Kwamfuta: Akwai jerin Galaxy XCover na Samsung, tun 2011 suke yin su don ma'aikatan fili. XCover7 ta fito a farkon 2024, nauyinta giram 240, kaurinta ya ɗan wuce milimita 10, tana da 5G da IP68 da gwajin sojan nan. Abin da ya fi burge ni shi ne ana ɓalle bayanta da farce a cire batir a sa wani, kamar yadda muke yi a da. Akwai kuma Nokia XR21 ta 2023 mai IP69K, ita ma nauyinta kusan haka. Amma kada in rufe ka, kyamarar XCover ta aiki ce, guda ɗaya ce a baya, batirin kuma 4050mAh ne kawai. Ba za ta ba Hajiya hoton da take so ba, ba za ta ba Ɗan Sahu kwana ukunsa ba.

Mai Gyara: Kuma ba ta cika yawa a kasuwarmu ba. Sunan Samsung bai isa ya sa a samu gilashinta a kowane shago ba. A tambaya tukuna.

Dattijo: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Na yi aikin gona da na hanya shekara da shekaru. Nokia 1100 da aka fitar a 2003, mai 'yar tocila a ka, an sayar da sama da miliyan 250 a duniya, kuma ba a rubuta mata sunan soja a kwali ba. Ba ta da nauyi, fuskarta ƙarama ce, in ta faɗi sai ta watse gida uku ka tattara ka mayar ta kama. Har gobe ƙaramar waya mai madanni ce a aljihuna idan zan shiga gona, babbar tana gida a kan shimfiɗa sai na dawo. Baban Khalifa, me zai hana ka raba musu aiki?

Baban Khalifa: Baba, Allah ya ƙara girma. Na gwada hakan. Matsalar ita ce a cikin gonar nake buƙatar babbar. In tsutsa ta kama ganye hoto nake ɗauka in tura wa mai magani, dillali yana son ganin bidiyon kwando kafin ya turo mota, ga shaidar biyan kuɗi. In na bar ta a gida rabin aikin ya tsaya.

Dattijo: To na fahimta, zamaninku daban ne. Amma ka cire ta daga aljihun gaba. Duk mai sunkuyo bai kamata ya sa waya a nan ba.

Maman Ummi: Mai Gyara, tambaya. Ranar da tawa ta faɗa ruwa, cikin buhun shinkafa na tura ta kwana biyu. Kuskure na yi?

Mai Gyara: Hajiya, shinkafa ba ta janyo ruwan da ya riga ya shiga inji, sai ma ta bar gari a bakin caji. Apple ma sun ce kada a yi. Abin yi shi ne a kashe ta nan take, a cire sim, kada a kuskura a jona caji, a kawo ta a buɗe a busar a ranar. Cajin da mutane ke jonawa don su ga ko za ta tashi, shi yake ƙona ta.

Baban Khalifa, kai kuma ga abin da zan yi da ni ne kai. Aikinka faɗuwa ne da ƙura da feshin ruwa, ba ka nutso a kogi. Zan nemi siririya mai IP68 ko 69 daga kamfanin da ke da wurin gyara a Kano, mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, don masu lanƙwasa a gefe sun fi saurin tsagewa, gilashinsu ya fi tsada, kuma gilashin kariya ba ya zama musu da kyau. In saya mata riga biyu, mai kauri mai tudun kusurwa ta gona, da siririya ta Juma'a. In sa 'yar robar toshe bakin caji. Kafin in biya in shiga shago uku in tambayi kuɗin gilashinta, in biyu suka ce babu, in canza samfuri.

Ɗan Sahu: Ni dai ban sauka daga kan tawa ba. Duk wannan riga biyu da toshe-toshe, ni ba ni da lokacinsu.

Injiniyan Sola: Kuma kana da gaskiyarka. Ni ma ranar da za mu hau rufin kwano ɗaura farantin sola, mai sulken nake ɗauka, don tana aiki da safar hannu kuma tana da wurin ɗaura igiya. Aikin mutum ne yake zaɓar masa.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ranar Asabar in mun gama lodin albasa zan shigo gari in sha Allah. Na rubuta guda uku da zan riƙe a hannu in ji nauyinsu, kuma da kaftanin zan zo don in gwada a aljihu. Mai Gyara, zan turo maka saƙo ta gefe ka raka ni tambayar gilashin. Tsohuwar ma zan taho da ita a share mata bakin caji, uwar gida za ta karɓa.

Mai Gyara: Allah ya kai mu. Ka zo kafin azahar, bayan nan kasuwar cika take yi.